Ranar da Na Tsamo Ƙasan Teku a Khartum

Tun da na dawo daga Sudan ban samu sakat a bakin karofin rini ba. Wannan ya ce yaya Kogin Nilu, wancan ya ce da gaske ne ba sa cin tuwo, wani ya ce me ya sa na tafi ɗauko yarinya na dawo ni kaɗai. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya kama nasa ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na zauna na rubuta da ɗan bokon da na yi a elemantare. Wanda ya karanta ya ga bai gane wani wuri ba kada ya damu, ni ma da na je ban gane ba.

Ni marini ne a Kura, haka ubana. Rabi 'yata ce, ita kaɗai karatu ya karɓa a gidan. Da aka samo mata gurbin karatun likita a Khartum, ni da bakina na bi gari ina faɗa, har aka daina ce mini Sule Marini aka koma Baban Likita. Sunan ya yi mini daɗi fiye da kima, wannan ban musa ba. Ana nan, wata 'yar unguwarmu da ke karatu can ta zo hutu, ta shigo gaida uwar Rabi, cikin hira ta ce ai Rabi ta daɗe da barin likitanci, duwatsu take karanta. Uwar ta ce duwatsu kamar yaya? Yarinyar ta ga ta yi ɓaranɓarama, ta ja mayafinta ta fice.

Na kira Rabi a waya, ta ce haka ne. Ban tsaya jin dalili ba. Na ce ta haɗa kayanta, ga ni nan zuwa, ƙafata ƙafarta.

Ban taɓa hawa jirgi ba sai ranar. Daga Kano muka tashi. Abin da na riƙe game da jirgi shi ne kunnena ya toshe, kuma ban san ta ina gabas take ba, na yi salla a zaune ina fatan Allah ya karɓa. Uwar Rabi ta cika mini jaka da kilishi da kuka da daddawa, wai ko za a dawo da yarinya sai ta fara cin abin gida. A filin jirgin Khartum mai duba kaya ya kwance ƙullin daddawa, ya ja da baya, ya kira abokin aikinsa, shi ma ya shinshina ya ja da baya. Na tattaro Larabcin da na koya a zaure na yi musu bayani. Suka dubi juna suka fashe da dariya. Wani mai shara da ke gefe ya matso ya ce mini da Hausa, "Ya Hajj, sun ce maganarka kamar huɗubar Juma'a. Bar ni da su." Ya faɗa musu kalma biyu, suka ɗaure mini kayana. Na tambaye shi ɗan ina ne, ya ce ɗan Mayo, a nan kudancin Khartum. Najeriya kuwa bai taɓa ganinta ba.

Mai masaukina Ammu Bashir ne, mai ɗinkin takalman fata a kasuwar Umdurman. Kakansa ya bar Kura da ƙafa zai je Makka, ya tsaya nan neman guzuri, guzurin bai kammala ba har ya rasu. A gidansa Rabi take zama. Da ya gan ni ya ɗaga hannu ya bubbuga kafaɗata. Na zaci wani abu ne ya hau mini riga, na shiga kakkaɓewa. Ashe gaisuwarsu ke nan, a fara da kafaɗa sannan a ba da hannu.

Ya ce, "Hamdilla ala salama, ɗan'uwa. Safar ɗin kwayyis? Ina mutanen balad?"

Hausarsa haka take, rabi tamu rabi tasu, sai ka bi ta a hankali kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Rabi na bayansa cikin irin lulluɓin matan can. Ta durƙusa ta gaishe ni. Ta rame. Na amsa a taƙaice na kau da kai.

Gidan mai babban tsakar gida ne, a waje ake kwana kan gadajen igiya da suke kira angareb. Da safe aka kawo shayi da madara da ɗan biskit. Na sha na zauna jiran abinci. Shiru. Rana ta ɗaga, shiru. Na ce a raina ko dai mutanen nan suna cikin rashi ne, ko kuwa fushi suke da ni saboda yarinyar. Na lallaɓa ɗaki na ci kilishi na kora da ruwa, cikina ya yi dam. Ina fitowa sai ga tire kamar murfin rijiya: wake da aka dama da man riɗi, ga ƙwai, ga wata aba mai suna kisra, sinasir ce da aka hana ta kumbura. Wai karin kumallo ke nan, da hantsi tsaka. Na tsakura na janye hannu. Ammu Bashir ya ɓata rai ya ce, "Abincinmu bai yi maka ba? Wallahi sai ka ci. Alaik Allah, ƙara." Na ci don kunya har numfashi ya yi mini wuya.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a gidan shi ne masu sallama da la'asar. A ƙofar gida akwai bishiyar darbejiya, a nan maza ke jiran Rabi, kowa da ƙullinsa. Da a Kura ne sai in ce marasa lafiya ne suka zo ganin likita. Duwatsu suke kawowa. Wani dattijo ya kwance tsumma ya fito da wani mai ƙyalli, ɗansa ne ya aiko daga wurin haƙar zinariya a arewa. Rabi ta karce shi da wuƙa ta duba, ta ce wa dattijon, "Ma'alesh Ammu, ƙyalli ne kawai, kada ya ɓata ƙarfinsa a ramin nan." Dattijon ya yi godiya, ya bar mata dabino.

Ammu Bashir ya zungure ni. "Ka gani? Allah ya ba ka muhandisa, injiniya guda, kana kumbura. Likitoci a layin nan sun fi marasa lafiya yawa."

Na ce ni ban aiko ta duban tsakuwa ba.

A yammacin nan na zaunar da ita. Ta ce tun ranar da aka shigar da su ɗakin gawawwaki barci ya ƙaurace mata, nama ya daina shiga bakinta, jarrabawa ta faɗi. Na ce me ya hana ki faɗa mini? Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, duk sanda na kira sai in ji ana ce maka Baban Likita a bayan wayar." Na ɗaga murya, na ce jirginmu na nan tafe, ta shirya.

Ta ce, "Zan bi ka. Amma gwaji ɗaya ya rage mini kafin malamai su zauna a kaina. Ka zo gobe ka gani da idonka. In ka gani ka ce mu tafi, wallahi ba zan yi musu ba."

Ammu Bashir ya ce wannan adalci ne. Na yarda, don na tabbata babu abin da zan gani da zai sauya ni.

Da safe muka hau bas zuwa Khartum. Yaron mota ya tsaya a kaina yana ƙyasta mini yatsu kamar mai kiran akuya. Na ce Rabi wannan ba shi da uba ne? Ta ce haka ake karɓar kuɗin mota, in za ka sauka kai ma ƙyasta masa za ka yi. A kan gada ta nuna mini inda kogunan Nilu biyu suka haɗu, ɗaya ya fi ɗaya duhu. Na ce na gani, amma hankalina na kan yaron.

Ɗakin gwajin sanyi ƙalau kamar randa. Malamarta na ciki, Duktura Ihsan, mace gajera mai furfura da tabarau, ba ta jin Hausa ko kaɗan. A tsakiyar ɗakin akwai akwatin gilashi, tsawonsa ya kai gadon yaro, cike da ruwan sukari mai kauri, ya fi zuma kauri, garai-garai kana hango bango ta cikinsa. A samansa an shimfiɗa wani falle baƙi na danƙo. Ga kyamara mai batir a kan ƙafafu tana kallonsa.

Rabi ta ce, "Baba, ƙasar da muke takawa ɓawo ne, kuma ba ɗaya ba ne. Kamar fasasshiyar ƙwarya yake, sakaina-sakaina, kowace tana motsi a hankali a kan dutse mai zafi da ke ƙarƙashi."

Na ce yanzu haka muna motsi?

Ta ce muna yi, amma kamar tsiron farce. Ta ce ɓawon da ke ƙasan teku, in ya tsufa ya yi sanyi, nauyi yake yi. Inda ya haɗu da wani ɓawon sai ya sunkuya ya shige ƙarƙashinsa, ya yi ta gangarawa cikin ƙasa. Yana tafiya da ruwa a jikinsa. In ya yi nisa zafi ya matse ruwan ya fita, ruwan ya shiga dutsen da ke samansa, dutsen ya narke.

Na ce tsaya. Ruwa ne ke narka dutse? Ni na san ruwa kashe wuta yake yi.

Ta ce a can ƙasa dutsen ya riga ya yi zafi, kaɗan ya rage masa, ruwan ne ke sauƙaƙa masa narkewa. Narkakken ya taso sama, wani ya fito ta bakin duwatsu masu aman wuta, wani ya daskare a hanya ya zama sabon ɓawo mai kauri. Ta ce tsaunukan gabashin Sudan, inda ake samun zinariyar nan, haka aka yi su, a bakin wata teku da ta rufe tun babu ɗan Adam.

Na ce wa ya gani?

Ta ce babu wanda ya gani, babu kuma mai iya haƙawa ya kai can. Shi ya sa ake yin ƙaramin kwatanci. Ruwan sukarin shi ne cikin ƙasa, baƙin fallen shi ne ƙasan teku. Abin da ƙasa ke yi a shekarun da ba su ƙirguwa, akwatin zai yi daga hantsi zuwa la'asar. Ta ce kwana da kwanaki suka bar ruwan ya kwanta kafin iskar da ke cikinsa ta fita.

Na gyaɗa kai. Wannan gyaɗa kai shi ya cuce mu duka, don ta ɗauka na gane.

Ta danna bakin fallen cikin ruwan da wani ɗan katako, ta cire hannu. Muka zauna. In ka zuba ido ba ka ganin yana motsi, sai ka kau da kai ka dawo ka tarar ya ƙara sunkuyawa. Kyamara na ta ƙyaf-ƙyaf ita kaɗai. Wajen azahar wuta ta ɗauke. Duktura ta miƙe tana faɗa da Larabci, wai in ɗakin ya yi zafi ruwan zai saki, lissafi ya ɓaci. Suka fita neman mai tada janareto. A bakin ƙofa Rabi ta juyo ta ce, "Baba, kada ka bar kowa ya shigo."

Ban bar kowa ya shigo ba. Na shimfiɗa rawanina a lungu na yi salla. Da na sallame na duba akwatin. Kan fallen ya kusa taɓa ƙasa, har ya fara naɗewa.

Ku marina kun san abin da nake nufi. Zane in ya kai gindin karofi ya kwashi katsi, wato dattin da ya kwanta a ƙasa, in kuma ya naɗe a ciki, ya fito dabbare-dabbare, sai dai ka ba mai shi haƙuri. Tun ina yaro ake dukan hannuna a kan wannan. A sana'armu ba a tsoma abu don ya zauna, ana tsomawa ne a tsamo. Na ji ta ce zai nutse, amma na ɗauka nutsewa irin tamu ce, ya shiga ya fito. Na duba ƙofa, ba su dawo ba. Na ce yarinyar nan ta yi wahala, kayanta zai lalace a gaban ubanta yana zaune?

Na naɗe hannun riga na zura har gwiwar hannu. Abin ya riƙe ni kamar ƙaro, da ƙyar na kamo fallen na jawo shi sama. Na warware shi, na shimfiɗa shi sumul yadda na same shi. Na ga ruwan ya yi rami inda hannuna ya fito, sai na ɗauki wata doguwar rula na motsa shi sosai ya daidaita, yadda ake motsa baban rini. Na koma na zauna, ina jin na yi abin kirki.

Wuta ta dawo, su ma suka dawo. Duktura ta ɗora hannu biyu a ka ta ce wani abu da ba na buƙatar tafinta. Ruwan da yake garai-garai ya koma fari fat da ƙwayoyin iska, kamar an zuba masa gero. Na fara bayani, na ce ai saura kaɗan ya taɓa ƙasa.

Rabi ta ce, "Taɓa ƙasan muke jira, Baba. Shi ne gwajin."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗebo ruwan ɗumi a roba, ta durƙusa, ta wanke mini hannu har tsakanin yatsu. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

A bas ta yi mini bayani. Iskar ba za ta fita ba sai an yi kwanaki. Kafin nan ranar zaman malamai ta wuce, sai kuma wata shekarar. Da muka isa gida ta shiga ɗaki ta fara ninke kaya. Ta ce, "Ka gani da idonka. Mu tafi kawai."

Ammu Bashir ya ji labari ya yi dariya har da tari, sannan ya dube ni ya daina. Ya ce, "Mabruk, ɗan'uwa. Abin da ka zo yi da baki, hannu ya yi maka."

Gaskiya ya faɗa. Ga yarinya tana haɗa kaya, ba musu, ba rigima, abin da na hau jirgi dominsa. Amma ban ci tuwo da miyar kukar da aka yi mini ranar ba. Da na gani na ce mu tafi, da hukuncin uba ne. Wannan kuwa ɓarna ce, kuma in na ɗauke ta a kanta, har in mutu ba za ta san ko gangan na yi ba. Ni kaina da na yi ta juya abin sai na fara shakkar hannuna.

Da gari ya waye na ce wa Ammu Bashir ya rufe shago ya raka ni. Muka sami Duktura a ofis. Ta ba mu shayi, a can ko za a kore ka sai ka sha shayi. Na ba da haƙuri, Ammu yana juyawa. Ta kunna mana hotunan kyamara: ga falle yana sunkuyawa, yana sunkuyawa, sai ga wani baƙin hannu mai shuɗin farce ya faɗo daga sama. Ammu ya ce wai ta ce a duk karatunta ba ta taɓa ganin abin da ya dawo da ƙasan teku sama ba sai ni.

Sannan ta cire tabarau ta yi magana mai tsawo. Ammu ya ce, "Ta ce in aka kashe sanyin ɗakin ruwan ya yi ɗumi, iskar za ta fi saurin fita. Ta ce za ta iya roƙon malamai su ɗaga zaman. Lakin ta ji kana tafiya da Rabi. Ba za ta zubar da girmanta a kan ɗalibar da ubanta zai ɗauke ba. Ta ce kai za ka faɗa, yanzu. Tana nan ko tana tafiya?"

Na ce ka tambaye ta, wannan karatu in an gama me ake zama?

Ya tambaya. Ta amsa. Ya ce, "Ta ce wani ya nemo ruwa, wani ya nemo ma'adini, wani ya koyar. Ta ce Rabi ba ta san wanne ba tukuna, ita ma ba ta sani ba."

Wato ko abin da zan faɗa a gari ba a ba ni ba. Na dubi kofin shayin. Na ce, "Ce mata tana nan."

Aka ɗaga mini ranar jirgi. Kwanakin jiran na yi su a shagon Ammu ina miƙa masa zare, da yamma in tambayi Rabi labarin iska, ta ce tana fita. Magana tsakaninmu ba ta wuce haka ba. Kayanta dai na ga ta mayar cikin kwaba.

Ranar gwaji na biyu Duktura ta ce Hajj ba zai shiga ba. Aka ajiye mana kujeru a baranda, muna kallo ta gilashin taga, Ammu Bashir riƙe da hannun rigata wai don tsaro. Fallen ya sunkuya, ya gangara. Na tambayi Ammu ina wutar da aka ce tana fitowa, ya ce shi ma ita yake jira. Daga baya Rabi ta ce babu wuta a akwatin, wannan a kwamfuta ake lissafa ta, abin da ya ƙara rikita ni.

Wajen la'asar kan fallen ya taɓa ƙasa. Ya kwanta, ya naɗe, ya ƙara naɗewa a kan kansa. Yatsuna suka yi ta motsi a kan gwiwata. A idona babu abin da na taɓa gani ya lalace kamar wannan. A ciki kuwa Duktura da Rabi sun sunkuya suna kallo.

Na ce, "Ammu, ya yi ne ko ya ɓaci?"

Ya ce, "Wallahi ma arif. Ni takalmi na sani."

Can Rabi ta buɗe ƙofa ta fito, sanyin ɗakin ya biyo ta. Ta ce, "Ya nutse, Baba."

Na ce, "To alheri ne ko hasara?"

Ta yi dariya, karo na farko tun zuwana. Ta ce alheri ne.

Na ce, "To Allah ya sa albarka." Ta durƙusa a barandar nan, gaban mutane, ta ce amin, ta daɗe ba ta ɗago ba.

Ranar tafiyata ta raka ni filin jirgi, ta riƙe mini jaka har inda ake tsayar da masu rakiya. Daga nan ta ce sai ta hanzarta, akwai hotunan da ba ta gama aunawa ba. Na tsaya ina kallonta har ta hau bas.